Faifan Bahaguwa

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona game da shekarar da idon Inna ya rufe. Kuna cewa taurin kan Umma ne ya hana tsohuwa ganin abinta. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska, don kun san halina, amma gidan nan bai da girman da za a yi magana a zaure ban ji ta a tsakar gida ba. To, ga shi zan rubuta muku yadda aka yi, da laifina, da na waɗanda ba ku taɓa ambata ba saboda ba ku ga fuskarsu ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a firamare a nan Azare, goman ƙarshe ina shugabantar makarantar, kuma ban taɓa hukunta yaro ban ji ta bakinsa ba. Ku ma ku zauna ku ji ta bakina.

Kun san Inna tsohuwa ce mai tsokana da yawan carbi, amma ƙananan cikinku ba su san bahaguwa ba ce, don an daɗe da koya mata ɓoyewa. A garin Katagum ta tashi, a hannun ƙanwar babanta da muke kira Gwaggo, bayan rasuwar mahaifiyarta. Gwaggo gwanar saƙar faifai ce, kuma mace ce da ba ta ɗaukar wargi. Ita ta koya wa Inna jiƙa kaba da tsaga ta, da rina ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da bagaruwa da laka. Abu ɗaya ya gagare ta, wato ta raba yarinyar da hannun hagu. Ta doka, ta ɗaure hannun da tsumma, ta yi nasiha, duk a banza. Idan Gwaggo na kallo, basilla na hannun dama, saƙar ta fito a karkace kamar ta ɗan koyo. Da ta juya baya, basilla ta koma hagu, aiki ya miƙe. A gidan kuwa dokar ɗaya ce: abin da hannun hagu ya saƙa ba ya rufe abincin mutane.

Inna tana budurwa ta saƙa wani faifai a ɓoye, a bayan rumbu, wata biyu tana yi. Tauraro ne mai kai takwas a tsakiya, ja da rawaya, da zobe baƙi a bakinsa. Ranar da take ƙarasa shi Gwaggo ta kama ta da basilla a hagu, ta fizge shi daga hannunta. Duk wanda ya gani ya ce ba a taɓa yin kamarsa a unguwar ba, kuma duk da haka ba a bari ya hau kan akushi ko sau ɗaya ba. An cusa shi a rufin ɗaki ya yi ta shan hayaƙi. Sai wata rana wata Baturiya ta zo da tafinta, tana bin gidaje tana neman aikin hannun mata. Gwaggo ta ga hanyar rabuwa da abin kunya, ta ciro shi ta miƙa. Baturiyar ba ta tambayi wanda ya saƙa ba, amma ta ga yarinya a bakin ƙofa tana hawaye, sai ta ba ta wani ɗan kati mai sunan gidan tarihin da za a kai shi a ƙasarsu. Katin nan Inna ta ajiye shi a gwangwanin alawa fiye da shekara sittin.

Mun tashi muna jin labarin nan har muka haddace shi. Yayana Alhaji Sule, ɗan farin Inna, shi ne shugaban masu dariya. Duk lokacin da ta fara, sai ya kashe mana ido.

"To, an buɗe tatsuniya. Inna, faifan nan naki ai yanzu Sarauniyar Turawa ke rufe tuwo da shi."

Inna ba ta kiran sunansa, kunyar ɗan fari, sai dai ta dubi bango ta yi magana da shi.

"Wasu dai da gemunsu ba su san gaba da bayan faifai ba."

Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka irin labarin tsofaffi ne da ke ƙara tsawo kowace shekara, kuma katin bai hana ni ba, don kati ana iya tsintarsa a ko'ina.

A shekarar da nake ba ku labari, idon Inna na dama ya riga ya tafi, na hagun ne ya rage, shi ma kamar ana leƙe ta ramin ƙofa. Maƙwabciyarmu Sista Rifkatu, wadda ta yi aiki a sashen ido na asibiti har ta yi ritaya, ita ke zuwa ɗiga mata magani. Ta ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Da Babbar Sallah ɗana Kabiru ya zo daga Kano inda yake koyar da lissafi a kwaleji. Ana hira bayan la'asar Inna ta buɗe labarinta, sai ya ce a ba shi katin ya gani, don yanzu manyan gidajen tarihi na Turai sun ɗora hotunan kayansu a intanet, kowa daga ko'ina yana iya dubawa. Ya karanta mana abin da suka rubuta a shafin farko, wai kayan nan na dukan 'yan Adam ne, ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Inna ta gyara zama, ta kama hannunsa, ta kira shi da sunan tsokanar da take yi masa tun yana ƙarami.

"Mai gidana, in ka nuna mini shi na yafe maka cefanen shekara."

Kabiru ya yi kwana biyu yana nema bai samu ba, hutunsa ya ƙare, ya bar mini aikin a wayata. Nan na san abin da suke nufi da kowa. Na rubuta faifai, shafin ya ce babu. Na rubuta Katagum, babu. Na rubuta Azare, ya tambaye ni ko wani gari nake nufi a wata nahiya. Ba Hausa ko kalma ɗaya, alhali kayan Hausawa ne jibge a ciki. Ni da na koyar da Turanci shekaru, sai da na zauna ina tunanin da wane suna Bature zai kira faifai, tunda shi ba ya rufe ƙwarya, ba ya sheƙe tsaba, ba ya fifita wuta. Na gwada kalmarsu ta tabarma, ta murfi, ta kwando, ta tire. Kowace ta zubo mini hotuna dubbai daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. A saman shafin kuma akwai wani akwati da ke cewa in ina son sauri in rubuta lambar kayan. Lambar da su suka manna masa a ɗakin ajiyarsu, wadda ba mai saninta sai wanda ya riga ya same shi.

Shafin kansa an yi shi ne don mai babbar kwamfuta a ofis mai sanyi, wanda wuta ba ta ɗauke masa. A waya maɓallan suna hawa kan juna, in na taɓa ɗaya sai na kusa da shi ya amsa. Rubutun toka-toka ne a kan fari, ƙanana, ni mai tabarau ma sai na matse ido, balle Inna. Kowane shafi hotuna kaɗan yake nunawa, kuma kafin su buɗe da irin sabis ɗinmu na Azare na isa in dama kunu. In na buɗe hoto ɗaya na ga ba shi ba ne na koma baya, sai ya mayar da ni farkon fari, aikin awa biyu ya zube. Abin da ya fi ƙona mini rai, lokaci-lokaci sai ya tsayar da ni ya ce in tabbatar masa ni mutum ce ba na'ura ba. Sai ya jero mini hotunan titunan Turai ya ce in zaɓi masu famfon kashe gobara. Ina zaune a Azare, ina neman abin da uwata ta saƙa da hannunta, wai sai na gane famfon garinsu kafin a yarda ni 'yar Adam ce. Sau biyu na faɗi jarrabawar.

Na lura sabis ya fi kyau bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, sai na mayar da shi lokacin aikina. Na samo littafin rubutu irin na 'yan makaranta ina rubuta lambar shafin da na tsaya. Inna tana kan dardumarta tana jan carbi, jifa-jifa ta ce, "Kulu, an gan shi?" In ce tukuna. Haka muka yi sati uku. Ranar da na same shi, a ƙarƙashin kayan adon bango yake. Adon bango! An rubuta wai daga arewacin Nijeriya, kamar arewar unguwa ɗaya ce. An rubuta sunan Baturiyar cikakke, da sunan mijinta, da muƙaminsa, da faɗin faifan har ɗigon awo. A layin wanda ya yi shi kuma an sa: ba a sani ba.

Na buɗe hoton iya girmansa na kai wa Inna kusa da idonta na hagu, a bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana bin sa a hankali, tana motsa kai maimakon ido, don ɗan wurin da take gani bai fi kwabo ba. Can ta ce:

"Kamarsa ne. Juya shi."

Na juya wayar a kwance.

"Ba haka ba. Kifa shi in ga bayan."

Na ce mata hoto ɗaya ne suka sa. Ba ta gane ba. Ta karɓi wayar daga hannuna ta kifa ta, tana duba bayan wayar, tana shafa shi da yatsa. Da wata rana ce da na yi dariya har na riƙe ciki. Ranar ban yi ba.

"Wane irin mutane ne waɗannan? Wa ke duba faifai ta fuska? Fuska ai ta baƙi ce. Mai shi a baya take."

Ku da kuka tashi da murfin roba ba ku san wannan ba, don haka bari in gaya muku. Idan mace ta shiga kasuwa sayen faifai, kafin ta tanka sai ta kifa shi. A baya ake ganin inda aka soke kowace wutsiyar kaba idan launi ya ƙare aka ɗauko wani, a nan ake sanin gwana da mai gaggawa, har a san gidan da aka koya. Na bahaguwa kuwa wutsiyoyinsa ta ɗaya gefen suke kwanciya, ba yadda za ta ɓoye. Duk macen da ta taɓa riƙe basilla daga nan har Gololo ta san haka. Gidan da ya tara masana, ya riƙe faifan shekara sittin, bai sani ba, kuma bai tambaya ba.

Da yamma Alhaji Sule ya zo, na nuna masa ina jiran ya ji kunya. Ya ɗaga tabarau ya duba, ya miƙo mini.

"Malama, tauraro mai kai takwas ai ko ranar kasuwa na ga uku. Su da ke riƙe da shi sun ce ba a san mai shi ba, ke kin fi su sani ne? Kada ku ɗora wa tsohuwa rai a kan hoto."

Inna ba ta ce wa bango komai ba ranar. Ta juya ta kwanta, kuma wannan shirun ya fi mini zafi fiye da maganarsa.

A ƙasan hoton akwai wurin neman ƙarin hoto, na danna, fom ya buɗe. Suna, na rubuta. Ƙasa, na zaɓa. Sai layi na uku mai jan tauraro, alamar dole: sunan jami'a ko cibiyar da kake wakilta. Layi na huɗu, dalilin nema, kuma ba a bar ka ka rubuta ba, sai dai ka zaɓa cikin huɗu: bincike, wallafa littafi, koyarwa, ko talla. Na karanta su sau uku. An tanadi wuri ga wanda zai buga faifan Inna a jikin kwalin shayi ya sayar, ba a tanadi wuri ga Inna ba. Na bar layin jami'a fayau na tura, ya dawo mini da jan rubutu. Na rubuta babu, ya karɓa, amma ya ce adireshin imel ɗina ba na cibiya ba ne. Na kira Kabiru ina huci.

"Umma, abu mai sauƙi ne," in ji shi. "Ki bari in cika da sunan kwalejinmu, in zaɓi bincike. Ba wanda zai bi diddigi."

"Binciken me kake yi a kan faifai, kai da ke koyar da lissafi?"

"Umma, hanyar kenan kawai. Haka kowa ke yi."

"Wato uwata sai ta ɓuya a bayan rigarka kafin a nuna mata aikin hannunta? An ɓoye ta a bayan rumbu tana yarinya, yanzu kuma a ɓoye ta a bayan kwaleji? Ban yarda ba. Da sunanta za a nema, kuma da sunanta za a bayar. Kada ka kuskura."

Wannan ita ce shawarar da kuke zargina da ita, kuma ni na yanke ta, ba wanda ya sa ni. Na nemo adireshinsu na tambayoyi, wanda suka binne a can ƙasan wani shafi, na zauna na rubuta wasiƙa da Turancin da na san ba mai gyara mini shi. Na faɗi sunan Inna da na mahaifinta da garinsu. Na ce tana raye, idonta na tafiya, abin da muke roƙo kawai wani ya ɗaga faifan ya kifa shi ya ɗauki hoto, aikin da bai kai minti biyar ba. Amsa ta zo kafin in ajiye wayar, na yi murna, ashe na'ura ce ke godiya, tana cewa masu neman hoto su cika fom. Na sake rubutawa. Bayan sati biyar wata mata ta amsa, da ladabi kamar zuma, ta ce labarin ya taɓa zuciyarta, gidansu yana daraja al'ummomin da kayan suka fito, amma sashen hotuna dabam yake da nata, kuma ba sa karɓar buƙata sai ta fom. Ta liƙo mini fom ɗin nan dai mai jan tauraro.

Ana cikin haka damina ta yi nisa. Wata safiya Sista Rifkatu ta gama ɗiga magani, ta ja ni zaure, ta rage murya.

"Malama, ni ba ruwana da faɗanki da Turawa. Amma idon Mama ba zai kai kaka ba. In akwai abin da kike so ta gani, ki nuna mata yanzu."

Na ce mata na ji, kuma wallahi na ji. Amma a raina ina cewa wasiƙa ta uku za ta yi aiki, don na rubuta ta ga shugaban gidan da kansa, kuma a iya sanina ba a taɓa kai ƙara gaban shugaba da hujja irin wannan a rasa amsa ba. Na saba da duniyar da in ka tsaya a kan gaskiyarka a bakin ofis, ƙarshe wani zai gaji ya fito. Ban san cewa wannan ofishin ba shi da bakin ƙofar da za a tsaya ba. Inna kuwa ba ta taɓa matsa mini ba. Takan ce in nuna mata fuskar, ta ɗan duba, ta ce, "Har yanzu ba su kifa ba?" In ce suna hanya. Da na gaya mata shawarar Kabiru da abin da na ce masa, sai ta ce, "Ke dai Gwaggo ce ta dawo." Na ɗauka tsokana ce.

Ana fara yankan gero, wata safiya ta ce mini in buɗe taga. Tagar a buɗe take, rana har ta hau kan dardumarta. Na tsaya riƙe da ƙofar tagar. Ita ta gane da kanta cewa idon ya rufe, ta yi salati, ta ce Allah ya sa kaffara ce, ta nemi a miƙo mata butarta. Wasiƙata ta uku ba a amsa ta ba har yau da nake rubutun nan.

Kabiru da ya ji, bai nemi izinina ba. Ya cika fom da sunan kwalejinsu, ya zaɓi bincike, ya rubuta musu layi biyu na ƙarya a kan lissafin zane-zanen gargajiya. Kwana tara aka yi hoton ya iso, tas da shi, har da fatan alheri ga binciken Malam. Kwana tara. Ni na yi wata huɗu ina faɗin gaskiya. Ya hau mota ya zo Azare da kwamfutarsa ranar Asabar, ya shigo bai iya haɗa ido da ni ba, ni ma ban iya haɗawa da shi ba.

To, ga hukuncina, tunda shi kuke jira. Da na bi maganar Kabiru tun farkon damina, da Inna ta ga bayan faifanta da idonta. Wannan gaskiya ne, kuma ina ɗauke da shi, ba na neman kowa ya sauke mini. Na mayar da sauran ganin uwata abin yin faɗa, alhali ba nawa ba ne. Amma kada ku tsaya a nan, don in kun tsaya a nan kun yi wa waɗancan adalcin da ba su cancanta ba. Wani ne ya zauna ya tsara fom ɗin nan, ya lissafa irin mutanen da za su so ganin faifai, ya tuna da farfesa, ya tuna da mai talla, bai tuna cewa abin hannu yana da mai hannu ba, kuma mai hannun tana iya haihuwa. Wani ne ya rubuta ba a sani ba, a inda ya kamata ya rubuta ba mu tambaya ba. Sannan suka rubuta a ƙofa cewa kowa ya shigo. Da sun ce na masu digiri ne, da ban ji haushi haka ba, don na san inda zan tsaya.

Ranar Asabar ɗin na aika aka kira Alhaji Sule, Sista Rifkatu ma ta shigo. Bayan azahar muka taru a ɗakin Inna. Kabiru ya durƙusa gabanta ya ce hoton ya zo, ya fara buɗe kwamfutar. Inna ta miƙa hannu ta lalubo murfin ta danne shi.

"Tsaya, mai gidana. Kada ka buɗe tukuna. A ba wancan mai gemun ya riƙe, shi zai duba."

Aka miƙa wa Alhaji Sule. Inna ta gyara zama ta fuskanci bango, kamar yadda ta saba in za ta yi magana da shi.

"Wutsiyoyin duka hagu suka kwanta, daga cibiya har baki. Wannan ko wata bahaguwar za ta iya. Amma a duba bakin, wajen zobe baƙi. Akwai wutsiya uku da ba a yanke ba, a jere, tsawon gaɓar yatsa. Biyu ja, ɗaya baƙa, baƙar ce a tsakiya. Ina shirin yanke su aka fizge shi. To, a buɗe."

Kabiru ya buɗe, ya ja hoton ya faɗaɗa wajen bakin. Ba sai an nema ba. Suna nan su uku, sun ɗan lanƙwashe, jan ya koɗe ya koma kalar ƙasa, baƙar a tsakiya. Sista Rifkatu ta dafe baki. Alhaji Sule ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake cirewa. Mutumin da tun muna yara ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba, sai ga shi ya ajiye kwamfutar, ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta.

"Suna nan, Inna. Uku. Ki yafe mini."

Ta lalubo kansa ta ɗora hannu a kan hularsa, kuma hannun hagu ne, a gaban kowa. Sai ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Kulu, ba su yanke ba ko?"

"Ba su yanke ba, Inna."

"Har yanzu sun ce ba a san mai shi ba?"

Na ce har yanzu, kuma Kabiru ya duba, gyaran suna ma da nasa fom ɗin, yana neman shaidar takarda daga masani. Na fara zafi, na ce wannan karon sai na ga abin da zai hana su. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, yadda take yi mini ina yarinya.

"Bar su da sunan. Ki rubuta musu abu ɗaya kawai. Ki ce kada wanda ya sa almakashi a wutsiyoyin nan. Mai shi ba ta gama ba."

Na rubuta, kalma da kalma, na sa sunanta a ƙasa. Na'urar ta gode mini, ta ce in cika fom.